John Browning da kunamar da ya mutu bai gama ba



Saura mako uku mu kare furojet ɗinmu, amma maimakon a same ni a wokshof ina ɗaure noti, ga ni zaune ina rubuta muku tarihin wani Ba'amurke da ya mutu tun 1926. Ku yi mini uzuri, akwai dalili.

Mu huɗu ne a gurup ɗinmu, kuma injin ɓare gyaɗa muka ƙera. A zanen farko liba biyu gare shi. Ɗaya tana ɗaure bel injin ya fara juyawa, ɗayar kuma tana buɗe ƙofar mazurari gyaɗa ta zubo. Ni ne mai ƙaƙalen da ya ce liba biyu ƙauyanci ne, a haɗe su su zama ɗaya: ja na farko ya tayar da injin, ja na biyu ya saki gyaɗa. A hannuna ya yi aiki sau goma babu tangarɗa. Sai ranar da muka roƙi wata baba mai ƙuli-ƙuli ta zo ta gwada mana. Tana jan libar, injin ya girgiza, hannunta ya zabura, libar ta zarce mataki na biyu. Gyaɗa ta zube gaba ɗaya tun injin bai ɗauki gudu ba, ya shaƙe, bel ya kama hayaƙi. Ni kuwa bakina bai mutu ba, na ce ai baba ce ba ta iya ba.

Malamin da ke duba aikinmu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in je in karanta irin wahalar da maƙera suka sha kafin su mayar da kunama biyu ta bindigar farauta ta koma ɗaya, kuma in fara da rayuwar John Moses Browning. Na je na karanta, kuma abin da na samo ne nake so in ba ku.

An haifi Browning ranar 23 ga Janairu, 1855, a garin Ogden da ke yankin Utah a yammacin Amurka. Mahaifinsa Jonathan maƙerin bindiga ne, ɗan ɗariƙar Mormon, mai mata uku da 'ya'ya 22. Gidan yawa ne sosai, irin wanda in yaro bai yi wa kansa abin wasa ba babu mai saya masa. Karatun bokon John bai yi nisa ba. Makarantarsa ta gaske ita ce shagon mahaifinsa, inda manoma da mafarauta ke kawo bindigogin da suka lalace. Shekara da shekaru abin da yake gani ke nan: wannan sifirin ɗinta ya karye, waccan ƙasa ta shige ta, waccan mai ita ya tilasta mata har ta lanƙwashe. Ya san yadda abu yake lalacewa a hannun mutane tun kafin ya ƙirƙiri nasa, kuma a ganina wannan ne tushen komai a rayuwarsa.

Shekarar 1879 ta zo masa da abubuwa uku. A cikinta ya yi aure, a cikinta mahaifinsa ya rasu, a cikinta kuma ya sami takardar mallakar fasaha ta farko, a kan wata bindiga mai cin harsashi ɗaya. Yana da shekara 24, tsarar wasu daga cikinmu. Shi da ɗan uwansa Matthew da sauran 'yan gidansu suka riƙa ƙera ta a ƙaramin shagonsu suna sayarwa. A 1883 wani babban jami'in kamfanin Winchester mai suna Bennett ya niƙo gari tun daga gabashin ƙasar har Ogden, ya sayi haƙƙin ƙera bindigar a kan dala 8,000. Daga nan suka ɗinke kusan shekara 19. Sanannun bindigogin Winchester na 1886 da 1892 da 1894 da 1897 duk daga kansa suka fito, ko da yake sunan kamfani ne a jikinsu.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa a kansa na shekarar 1889. Yana wajen da ake gwada harbi sai ya lura da yadda iskar da ke fita daga bakin bindiga take kwantar da ciyawar da ke gaba. Kowa yana ganin haka kullum, babu wanda ya damu. Shi kuwa sai ya ga ƙarfi ne ake zubarwa a banza, ya tambayi kansa ko wannan iska za ta iya fitar da kwanson da aka harba ta ɗura sabon harsashi. Daga wannan tunani aka sami bindiga mai sarrafa kanta da kamfanin Colt ya fitar a 1895.

Rabuwarsa da Winchester a kan kuɗi ta faru. Ya ƙera bindigar farauta mai ɗura kanta, wadda aka sani da Auto-5, ya ce wannan karon ba zai sayar a dunƙule ba, kaso yake so a kan kowace da aka sayar. Suka ƙi. A Janairun 1902 ya nufi kamfanin Remington, amma yana jiran ganawa da shugabansu, Marcellus Hartley, sai aka ce zuciyar mutumin ta buga ya rasu. Browning ya naɗe bindigarsa ya hau jirgin ruwa sai Beljiyam, wurin kamfanin FN da ke Herstal kusa da birnin Liège, waɗanda dama suna ƙera wata ƙaramar bindigarsa. Suka karɓe shi hannu bibbiyu. Auto-5 ɗin nan ba a daina ƙera ta ba sai a 1998.

In ana maganar abin dogaro a aikinsa, misalin da aka fi kawowa shi ne gwajin da sojan Amurka suka yi wa ƙaramar bindigarsa kafin su amince da ita a 1911. An harba harsashi 6,000 da bindiga ɗaya cikin kwana biyu. In ta yi zafi sai a tsoma ta a ruwa a ci gaba. Ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba, alhali abokiyar takararta ta kamfanin Savage ta sarƙe sau 37. Sojan Amurka sun riƙe ta a matsayin ƙaramar bindigarsu har 1985. Gaba ɗaya takardun mallakar fasaha 128 ya samu a rayuwarsa, har Sarki Albert na Beljiyam ya ba shi lambar girmamawa a 1914.

To, mutumin da ya yi duk wannan, me zai gagare shi? Sai ga shi ya kwanta dama da saura a kan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba.

Bari in ɗan yi bayani saboda 'yan uwanmu na sashen akanta da na koyon aikin jarida. Bindiga mai baki biyu, irin wadda muke gani a kafaɗar tsofaffin mafarauta, a gaskiya bindigogi biyu ne aka haɗa a kan itace ɗaya. Kowane baki yana da 'yar gudumarsa da sifirin ɗinsa, da wata 'yar ƙugiya da ke riƙe gudumar har sai an ja kunama. A tsarin asali kunama biyu ce, ta gaba da ta baya, kowace da bakinta. Amfanin haka a fili yake. In harsashin farko ya ƙi tashi, ko sifirin ɗin gefe ɗaya ya karye, yatsa zai zame baya ya ja ɗayar, kuma za ta tashi domin babu ruwanta da matsalar 'yar uwarta. Bayan haka, yawanci baki ɗaya a buɗe yake don abin da ke kusa, ɗayan kuma an ɗan matse shi don abin da ya yi nisa. Mai kunama biyu yana zaɓar bakin da yake so nan take, da yatsa kawai. Shi ya sa har yau masu farautar manyan namun daji masu haɗari, irin su ɓauna da giwa, akasarinsu kunama biyu suke so. Ranar da ɓauna ta taso maka ba ranar gwada sabuwar fasaha ba ce.

Sai dai ita ma tana da nata aibin. Dole hannu ya ɗan motsa tsakanin harbi na farko da na biyu, kuma wannan motsi yana iya ɓata saiti. A ƙasashen sanyi, mai safar hannu mai kauri yana shan wahalar cusa yatsa tsakanin kunamun. Wani lokaci kuma in aka ja ta baya, bindigar tana yin shuri ta gaban ta bugi yatsa. Saboda haka maharba suka daɗe suna neman kunama ɗaya: ka ja, baki na farko ya tashi, ka sake ja, na biyu ya tashi. A baki abu ne mai sauƙi. Ni ma haka na ce a kan libata.

Maƙeran Ingila sun yi ta gwadawa a ƙarni na 19, kuma matsala ɗaya ta riƙa dawowa. A kan teburin maƙeri kunamar tana aiki lafiya lau. Da an sa harsashi an ɗora a kafaɗa sai bakunan biyu su tashi kusan lokaci guda. Aka duba ƙarfe, aka duba sifirin, ba a ga laifi ba. Ashe abin a jikin ɗan Adam yake. Idan bindiga ta yi shuri baya, ta bugi kafaɗa ta dawo gaba, yatsan maharbi yana sake matse kunamar ba tare da shi kansa ya sani ba. Ko ƙwararre ne haka jikinsa zai yi, kuma in ka tambaye shi zai rantse sau ɗaya ya ja. Wanda ya yi suna wajen shawo kan wannan shi ne John Robertson, mai kamfanin Boss a Landan, wajen 1894. Maimakon ya ce maharba su koyi riƙe yatsa, sai ya yarda cewa wannan ja na rashin sani ba zai hanu ba, ya yi masa gurbi a cikin na'urar. Kunamarsa ja uku take ƙirgawa. Na farko ya tayar da baki ɗaya, na biyu da yatsa ke yi da kansa ya faɗi a banza, na uku ya tayar da ɗaya bakin. Har bindiga mai baki uku ya ƙera da kunama ɗaya don ya nuna abin yana aiki. Matsalar ita ce aikin hannu ne mai laushi, sai ƙwararren maƙeri, kuma kuɗinsa sai masu hannu da shuni.

Wallahi a nan na ajiye waya na yi shiru, domin hannun baba mai ƙuli-ƙuli na gani ƙiri-ƙiri.

Mu koma kan Browning. A shekarunsa na ƙarshe, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya juya ga bindigar farauta mai baki biyu, amma irin wadda baki ɗaya ke kan ɗaya maimakon gefe da gefe. A lokacin, a wurin maƙera irin su Boss na Landan, ana yin irin wannan da hannu ɗaya bayan ɗaya don attajirai. Shi kuwa so yake a riƙa ƙera ta a masana'anta, da farashin da ma'aikaci zai iya tara kuɗi ya saya, kuma ta jure wahala kamar sauran ayyukansa. Sunanta Superposed. Jikin bindigar ya kammalu a hannunsa, amma kunama ɗaya mai arha, wadda injin masana'anta zai iya fitarwa dubbai kuma a dogara da ita, ba ta kai ga gamuwa ba.

Ranar 26 ga Nuwamba, 1926, yana masana'antar FN yana aiki, ciwon zuciya ya kama shi. Ya rasu a can, a ofishin ɗansa Val, yana da shekara 71. Aka mayar da gawarsa Ogden. Ya bar ayyuka biyu a kan tebur. Ɗaya wata ƙaramar bindiga ce da wani injiniyan FN mai suna Dieudonné Saive ya ƙarasa ta fito a 1935. Ɗayar kuma ita ce Superposed, wadda ta faɗo kan Val.

Abin da Val ya yi shi ne ya fi tsaya mini a rai. Lokacin da bindigar ta shiga kasuwar Amurka a 1931, a tsakiyar karayar tattalin arziki, a kan dala 107.50, kunama biyu aka sa wa ta yau da kullum. Ɗan babban maƙerin duniya, da sunan ubansa a jikin ƙarfen, bai ji kunyar fitowa da tsohon tsari ba. Yana sayar da abin da ya tabbata yana aiki, yana kuma ci gaba da gwaji a gefe. Ya fito da wani tsari na tsaka-tsaki, kunama biyu amma kowace tana iya tayar da bakunan biyu bi da bi: ta gaba ta fara da na ƙasa, ta baya ta fara da na sama. Sai zuwa ƙarshen shekarun 1930 kunama ɗaya tilo ta zauna daram, da ɗan maɓalli a sama wanda maharbi zai zaɓi bakin da zai fara da shi.

Dabarar da ke ciki kuwa ta gidansu ce. Kamar yadda uban ya sa iskar bakin bindiga aiki, haka ɗan ya sa shurin. Akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe a bayan kunamar. In harbin farko ya tashi, girgizar tana ture shi gefe na ɗan ƙiftawar ido, daidai lokacin da yatsa ke yin jan nan na rashin sani, don haka jan ba ya taɓa komai. Da girgizar ta lafa sai sifirin ya dawo da shi, ya kama ƙugiyar baki na biyu. Shurin da ke kawo matsalar shi ne ya zama mai gadinta.

Kada ku ce an gama, domin ita ma da nata rauni. Tunda shurin farko ne ke shirya harbi na biyu, in harsashin farko ya ƙi tashi, ko ya zama marar ƙarfi, ka ja kunama karo na biyu ka ji shiru. Sai ka taɓa maɓallin nan ko ka bugi gindin bindigar kafin ta shirya. Datti da busasshen mai ma suna iya hana dunƙulen motsi. Wasu kamfanoni sun bi wata hanya da ba ta dogara da shuri ba, amma kayan cikinta su ma dole a saita su daidai. Yau galibin bindigogin wasan harbi kunama ɗaya gare su, kuma suna aiki ƙwarai. Duk da haka gardamar ba ta mutu ba, domin kowane ɓangare da gaskiyarsa. Mai kunama ɗaya ya sami sauƙi da sauri. Mai biyu ya sami tabbacin cewa in ɗaya ta ci amanarsa, ɗayar tana nan.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Na yi ta jan ƙafa kafin in miƙa wannan rubutu ga editocinmu. A kamfas ɗin nan akwai waɗanda bindiga ta raba da iyayensu, akwai waɗanda ba sa iya zuwa gida hutu saboda hanya. Kuma hannun Browning ba a wanke yake ba. Da ƙaramar bindigar da ya zana, ƙirar FN ta 1910, aka harbe Yarima Franz Ferdinand a Sarajevo ranar 28 ga Yuni, 1914, kisan da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Manyan bindigogin da ya ƙera wa soja sun ci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu, wasunsu ma har yau ana amfani da su. Ba na kiransa gwarzo, ba na kuma fatan wani a cikinmu ya kama wannan sana'a. Abin da na ɗauka a wurinsa da wurin ɗansa shi ne yadda suke gwada abu, da haƙurin da suke yi kafin su ce ya yi. Wannan ɗabi'a ita ce dai mai gyaran birki yake bukata, da mai haɗa wayar wuta a asibiti, da mai ƙera injin ɓare gyaɗa.

Shekaranjiya na tara 'yan gurup ɗinmu na ba su haƙuri, domin kuɗin bel ɗin da ya ƙone karo-karo muka yi, kuma ɗayanmu kuɗin abincinsa na sati ya bayar. Mun yanke shawara za mu mayar da liba biyu. Aikin kwana biyu ne a wurin mai walda, kuma mun san zai yi aiki a hannun kowa. Zanen liba ɗayan ban yar ba. Na sa shi a babi na biyar, cikin shawarwarin aikin gaba, tare da bayanin abin da ya faru ba tare da ƙarin gishiri ba, da wani tunani da nake yi na ɗan maƙalli da zai hana libar wucewa mataki na biyu sai injin ya daidaita gudunsa. Wataƙila wani a cikin 'yan aji ɗaya ya ɗauka baɗi. Wataƙila ni da kaina in dawo masa in Allah ya sa na dawo babbar difloma.

Na kuma je wurin baba. Na gaishe ta, na ce mata laifin injin ne ba nata ba, ta yi dariya ta ce dama ta sani. Ta yi alkawari za ta sake zuwa ranar Asabar ta gwada mana kafin ranar kare furojet. Duk wanda ke kusa da wokshof da misalin ƙarfe goma na safe yana iya leƙowa, akwai gyaɗa. Ku kuma masu furojet irin namu, kafin malamai su zauna a kanku, ku nemi wanda bai taɓa ganin abin da kuka ƙera ba, ku ba shi ya taɓa, ku koma gefe ku yi shiru ku kalli hannunsa.

Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, ya kuma zaunar mana da ƙasarmu lafiya.